Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikawa da Karɓar Saƙon Morse ta Rediyo da Kwamfuta a Legas

Waɗannan tambayoyi sun taru ne sannu a hankali daga bakin 'yan'uwa mazauna Legas, galibinsu matasa masu gyaran waya da kwamfuta a Ikeja da masu sayar da kayan lantarki a Alaba, sai kuma ɗalibai daga Agege da Idi-Araba, waɗanda suka ji cewa ana haɗa kwamfuta da rediyo a yi zance da mutumin da ke Turai ko Brazil ba tare da layin waya ko data ba. Na amsa su gwargwadon abin da na taɓa da hannuna, kuma ina so a san matsayina tun daga farko: kwamfuta ta fi kowane hannu iya aika Morse, amma ba ta kai horarren kunne iya jinsa ba, balle a gari mai hayaniyar lantarki irin namu.

Mene ne Morse, kuma me ya sa ake kiransa CW?

Morse hanya ce ta rubuta haruffa da lambobi da sauti iri biyu kacal, gajere da dogo, wato ɗigo da ja. Samuel Morse da Alfred Vail ne suka kafa tsarin a Amurka, kuma a ranar 24 ga Mayu, 1844 aka aika sanannen saƙon nan daga Washington zuwa Baltimore. Wanda ake amfani da shi a rediyo yanzu ya samo asali ne daga gyaran da Friedrich Gerke ya yi a Jamus a 1848, aka kuma amince da shi tsakanin ƙasashe a taron Paris na 1865. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan a 1886, wayar tangaraho ta bi ƙasa har Arewa, kuma daga nan ne Bahaushe ya samo "gidan waya" da "buga waya" tun kafin tarho ya shiga gidajen mutane.

CW kuwa, gajarta ce ta "continuous wave" a Turanci, wato sigina mai ɗorewa, sunan yadda ake aika shi ne a iska. Rediyo yana fitar da sigina tsura wadda ba ta ɗauke da murya, ana kunna ta ana kashe ta daidai da ɗigo da ja. Wannan ne ya sa take cin fili kaɗan, kusan haz 150 (haz shi ne ma'aunin yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa), alhali murya tana buƙatar kusan 2,400, kuma shi ya sa wat 5 na Morse kan isa inda murya mai ƙarfi ninkin-ba-ninkin ba ta isa ba.

Ba an daina amfani da shi ba tun tuni?

Jiragen ruwa sun daina dogaro da shi wajen neman agaji daga 1 ga Fabrairu, 1999, sannan taron Hukumar Sadarwa ta Duniya na 2003 ya janye sharaɗin cewa dole mai neman lasisin gajeren zango ya iya shi. Amma masu rediyon sha'awa, wato masu zance da juna ta rediyo don sha'awa ba don sana'a ba, ba su ajiye shi ba, kuma duk wanda ya saurari ƙasan zangon mita 20, wato wajen kilohaz 14,000, a ƙarshen makon ƙarshe na Nuwamba, lokacin gasar CQ World Wide ta awa 48, inda ake tseren tuntuɓar tashoshi da yawa, zai tarar babu masaka tsinke. Haka nan na'urorin da ke nuna wa jiragen sama hanya har gobe da Morse suke faɗin sunansu, kuma ta nan Legas haruffa uku take maimaitawa a hankali: LAG.

Ta yaya manhaja take karanta sauti ta mayar da shi rubutu?

Sautin da rediyo ya fitar yana shiga katin sautin kwamfuta, manhaja ta ware siririn wuri guda, misali haz 700, ta riƙa auna lokacin da ƙara take nan da lokacin da ta ɗauke. Komai na Morse a kan ma'auni ɗaya aka gina shi, wato tsawon ɗigo. Ja ya kai ɗigo 3, ratar da ke cikin harafi ɗigo 1 ce, tsakanin harafi da harafi 3, tsakanin kalma da kalma 7. Idan manhaja ta gano tsawon ɗigon mai aikawa, sauran lissafi ne.

Matsalar tana nan a gano ɗin. Manhaja tana da wani mizani da take cewa duk abin da ya haura shi sigina ce, abin da ya gaza kuwa shiru ne. Idan sigina ta dusashe a tsakiyar ja, sai ta ga ɗigo biyu. Idan tartsatsin lantarki ya faɗo cikin rata, sai ta haɗe haruffa biyu su zama wani abu dabam. Mutum ya san cewa bayan CQ CQ (kira ga kowa) ana sa ran DE (daga), bayan DE kuma lambar kira, wato sunan tasha a iska, don haka ko rabin harafi ya ɓace masa zai cike gurbin da hankalinsa. Yawancin manhajoji ba su da wannan sanin, sai abin da mizani ya ba su.

Wace manhaja ya kamata in fara da ita?

Ni fldigi nake ba masu farawa shawara, wadda Dave Freese mai lambar kira W1HKJ ya rubuta. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac, tana karɓa tana aikawa, kuma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da aka saya na hannu ta ishe ta. CwGet da MRP40 na Windows ne, ana biyan kuɗi, kuma mutane da yawa suna yabon MRP40 wajen sigina mai rauni. CW Skimmer ta Alex Shovkoplyas, VE3NEA, wani mataki ne dabam, domin ba tasha ɗaya take saurare ba, tana karanta dukkan tashoshin da ke cikin faɗin zangon da aka ba ta a lokaci guda, ta jera lambobin kiransu a gefen allo. Shi ne kuma ya fitar da Morse Expert ta wayar Android, wadda ake kanga ta kusa da lasifikar rediyo ta riƙa rubutawa. Masu gasa kuwa N1MM Logger+ suka fi riƙewa, amma wannan aikinta aikawa da ajiye rajista ne, ba ita ce ta mai koyo ba.

Ba ni da rediyo. Akwai abin da zan iya yi kafin in tara kuɗin saye?

Akwai, kuma da shi ya kamata a fara. Jami'ar Twente da ke Holan tana da rediyon da kowa zai iya murɗawa ta intanet, haka ma akwai na'urorin KiwiSDR da jama'a suka buɗe a ƙasashe da dama. Sai a zaɓi CW, a je tsakanin kilohaz 14,000 da 14,070, a tura sautin cikin fldigi ta wata ƙaramar manhaja irin VB-Cable wadda ke haɗa bakin wata manhaja da kunnen wata a cikin kwamfuta guda. Da wannan mutum zai koyi saita komai bai kashe ko sisi ba sai kuɗin data.

Sai dai a kula da wani kuskure da ake yawan yi. Rediyon gajeren zango da iyayenmu ke jin BBC Hausa da Muryar Jamus da shi AM kawai yake kamawa, kuma idan Morse ya shigo cikinsa ba a jin siririyar ƙarar nan, sai wani bugu-bugu marar ma'ana. Dole rediyon ya kasance mai SSB, tsarin murya na masu rediyon sha'awa, ko CW, irin Tecsun PL-660 ko XHDATA D-808. Wanda zai sayi ƙaramar na'urar RTL-SDR mai shiga USB ya tabbatar samfurin da ke kama gajeren zango ne, domin na gama-garin ba sa sauka ƙasa da kusan megahaz 24.

Sai da lasisi?

Aikawa sai da lasisi, babu ja a kan wannan. Iska ba ta kowa ba ce, kuma wanda ya kunna rediyon aikawa ba da izini ba ya taka dokar ƙasa, ko da wat ɗaya ya fitar. Hukumomin sadarwa na tarayya ne ke ba da lasisi da lambar kira, lambobin Nijeriya kuma da 5N suke farawa, kamar yadda na Nijar ke farawa da 5U, na Gana da 9G, na Binin da TY. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya, NARS, a tambayi waɗanda suka riga suka bi matakan. Kada kuma wani ya ari lambar wani ko ya ƙirƙiro tasa. Tashar 5N ba ta da yawa a iska, da zarar an ji baƙuwar lamba za a bincika.

Yaya ake haɗa rediyo da kwamfuta domin karɓa?

Sababbin rediyoyi irin Icom IC-7300 da Yaesu FT-991A suna da katin sauti a cikinsu, wayar USB guda ta wadatar. Ga tsofaffi kuwa, ana ɗauko sauti daga ramin bayan rediyo wanda ƙarfinsa ba ya canzawa da murɗa lasifika, a kai shi ƙaramin katin sauti na USB. Idan aka ji gurnani a ƙarƙashin sautin, alama ce cewa wutar gida mai haz 50 tana zagayawa tsakanin na'urorin biyu, maganinta kuma ƙaramar taransifomar sauti ce a tsakiyar wayar domin ta raba su. A kashe duk wani gyaran murya da Windows ke yi wa makirfo, domin rage hayaniyar da ke taimaka wa mai kiran bidiyo shi ne ke cinye ɗigon Morse. Kada kuma a ƙure ƙarfin sauti. Rabin ma'auni ya fi cikakke.

Allona ya cika da E da T babu kalma ko ɗaya. Mene ne ya lalace?

Babu abin da ya lalace. E ɗigo ɗaya ne, T ja ɗaya ne, saboda haka duk wani tartsatsi gajere manhaja E take ɗaukarsa, wanda ya ɗan daɗe kuma T. Abin da ake gani hayaniya ce aka rubuta da haruffa.

Abu na farko shi ne a duba hoton nan mai gangarowa kamar ruwa a ƙasan allo, a danna daidai kan layin siginar, domin kaucewar haz 50 kawai ta isa ta ɓata karatu. Na biyu, a matse matacin rediyo zuwa haz 500 ko 250, ta yadda tashar maƙwabta ba za ta shigo ba. Na uku, a ɗaga mizanin shiru har sai haruffan banza sun tsaya lokacin da babu mai aikawa. Na huɗu, a gaya wa manhaja kimanin gudun mai aikawa, kada a bar ta tana lalube daga kalma 5 zuwa 50 a minti. Idan an yi duk wannan kuma har yanzu shirme take rubutawa, mai yiwuwa mutumin da hannu yake bugawa da tsohon madanni, jansa ya fi ƙa'ida tsawo, ratarsa ba ta daidaita ba. Irin wannan bugu kunne yana jin daɗinsa kamar yadda ake gane rubutun hannun aboki, amma kwamfuta ba ta jure masa.

Me ya sa abin da nake ji ta intanet tas yake, amma a ɗakina sai shuu?

Wannan ita ce tambayar Legas, kuma duk wanda bai warware ta ba, kuɗin da ya kashe a manhaja da rediyo asara ce. A unguwa irin Agege ko Mile 12, inda gida ke manne da gida, kowane ɗaki yana da abin da ke watsa hayaniya a gajeren zango: inbata, na'urar cajin sola, cajar waya mai arha, ƙwan fitila na LED, talabijin, da janaretan da ake tayarwa da zarar an ɗauke wuta. Waɗannan na'urori suna yanka lantarki sau dubbai a daƙiƙa, wayoyin gida kuma su zama musu eriya. Sau da yawa cajar kwamfutar da ake karanta Morse da ita ita ce babbar mai laifi.

Gwajin da nake ba kowa shi ne wannan. A ɗora rediyo a kan batir mai bolt 12, a cire cajar kwamfuta, a kashe wutar ɗakin gaba ɗaya daga babban makunni har da inbata, sannan a dubi ma'aunin sigina. Idan hayaniya ta faɗi, to ɓarawon a cikin gida yake, sai a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har a kama shi. Idan ba ta faɗi ba, daga maƙwabta take. Ni kaina na shafe watanni ina zargin rediyona, ashe inbatar wani maƙwabcina ce da ke jingine da bangon da wayar eriyata ta bi. Na same shi da girmamawa bayan sallar la'asar, na ce, "Alhaji, wata alfarma na zo nema," na nuna masa abin da ke faruwa a allo idan ya kunna da idan ya kashe, ya yarda na naɗa wayoyinta a zoben ferrite, wani baƙin zobe mai tare hayaniyar da ke bin waya, ni kuma na matsar da eriyata zuwa ɗaya gefen rufin. Hayaniyar ba ta ƙare duka ba, amma ta sauka har tashoshin Turai suka fito.

Zoben ferrite mai lamba 31 ko 43 shi ne ya dace da gajeren zango, kuma naɗi da yawa a zobe ɗaya ya fi zobba da yawa masu naɗi ɗaya-ɗaya. Akwai kuma hayaniyar da ba ta da magani, wato ta tsawa. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da damina ta kankama a nan kudu, zangon mita 40 da 80 kan cika da fashe-fashe ko da hadarin yana can nesa, kuma a irin wannan dare ne ake ganin bambancin kunne da manhaja ƙarara: allo ya cika da E da T, amma mai kunne ya rubuta sunan mutumin da garinsa.

To aikawa fa? Yaya kwamfuta take danna madannin rediyo?

Hanyoyi huɗu ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Mafi tsufa ita ce ta layin DTR ko RTS na mahaɗar siriyal, wadda yau ake samu ta ƙaramar na'urar USB mai guntun FTDI ko CH340. Layin yana kunna taransisto irin 2N2222, ko mafi kyau guntu mai raba wuta da haske irin 4N25 ko PC817, shi kuma ya rufe ramin madannin rediyo, wato inda ake soka abin buga Morse da hannu. Duk mai gyaran waya a Ikeja zai harhaɗa wannan cikin rabin awa, kayan kuma ba su da tsada. Aibinta shi ne Windows tana da ayyuka da yawa a gabanta, wani lokaci ta jinkirta ɗigo ko ta ja shi, saƙon ya fito da ɗingishi, musamman idan gudun ya yi yawa.

Hanya ta biyu ita ce a sa wata ƙaramar na'ura a tsakani wadda aikinta kawai auna lokaci, kwamfuta ta aika mata haruffa, ita ta buga su. WinKeyer ta Steve Elliott, K1EL, ita ce aka fi sani, kuma ana iya gina makamanciyarta da ƙaramin allon lantarki na Arduino. Wannan ita nake fifitawa, saboda bugunta daidai yake, kuma ana iya soka madannin hannu a jikinta a katse kwamfuta a ci gaba da hannu. Ta uku ita ce a aika haruffan ta layin umarni na CAT, wanda kwamfuta ke sarrafa rediyo da shi, rediyon ya buga da kansa, idan samfurin ya yarda da haka.

Ta huɗu ita ce a sa rediyo a SSB, manhaja ta aika masa ƙarar sauti a madadin murya. Tana aiki, amma ba na son ta ga mai koyo. Idan sautin ya yi yawa, sigina takan fita a wurare biyu ko uku ta dami mutane, matattarar CW ta rediyon ba ta samuwa a wasu samfura, kuma duk ƙarar da kwamfuta ta yi, har ta shigowar saƙo, iska za ta hau. Kowace hanya aka bi, a bar siginar ta tashi ta sauka a hankali cikin kusan kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa, domin wadda ake yankewa kwatsam tana ƙas-ƙas a kunnen tashoshin da ke gefe.

Na fara aikawa sai rediyo ya maƙale yana ta fitar da sigina. Me ya jawo?

Siginarka ce ta dawo ta shiga wayar USB ta rikita mahaɗar. Yakan faru idan eriya tana kusa da ɗaki, abin da ya zama ruwan dare a gidajen haya. A rage ƙarfi zuwa wat 10 a gwada, a gajarta wayar USB, a naɗa ta a ferrite, a kuma naɗa wayar eriya a wani zoben daf da inda ta haɗu da eriyar. Haka kuma wasu kwamfutoci suna motsa layin DTR lokacin da suke tashi, don haka a kunna kwamfuta tukuna kafin rediyo, kuma hannu ya san inda makunnin kashewa yake.

Da wane gudu zan aika?

Ana auna gudu da kalmar PARIS, wadda tsawonta ɗigo 50 ne har da ratar bayanta. Idan aka raba 1,200 da adadin kalmomi a minti, za a sami tsawon ɗigo a kashi dubu na daƙiƙa: a kalma 20 ɗigo 60 ne, a kalma 12 kuma 100. Kibod zai iya buga kalma 40 a minti ba gajiya, kuma nan ne tarkon yake, domin wanda ka kira da 40 da 40 zai amsa maka, manhajarka ta kasa, kai kuma ba ka da kunnen da za ka ceci zancen. Ladabin iska shi ne ka amsa wa mutum da gudunsa ko ƙasa da haka, kuma kada ka aika da gudun da ya fi wanda za ka iya karɓa. Idan an yi maka sauri, ka buga PSE QRS, wato don Allah a sassauta. Mafi yawan mutane za su sassauta.

Ina ta ganin 5NN a allo. Duk 'yan Nijeriya ne?

A'a. Rahoton ƙarfin sigina ne, 599, amma saboda lamba 9 tana da tsawo sai ake gajarta ta da N, kamar yadda ake gajarta sifili da T. Kusan duk mai farawa a nan sai ya yi wannan ruɗu saboda kamar da ke tsakaninsa da 5N ɗinmu. Manhaja haruffa kawai take bayarwa, fassarar taka ce: CQ kira ne ga kowa, DE na nufin daga, K na nufin bismillah kai nake saurare, QTH wurin zama, QRM damuwa daga wata tasha, QRN hayaniyar tsawa, QSB dusashewar sigina, 73 gaisuwar sallama. Kafin ka kira a kowane wuri ka buga QRL? ka saurara, ko akwai masu zance da ba ka jin ɗayansu. A gasar CQ World Wide abin da ɗan Legas zai bayar shi ne 5NN 35, domin Nijeriya tana shiyya ta 35 a taswirar gasar.

Ana iya aika Hausa? Yaya za a yi da ɓ da ɗ da ƙ?

Ana iyawa. Ƙa'idar duniya ta hana ɓoye ma'anar saƙo a zangon masu sha'awa, amma ba ta hana kowa yarensa ba. Morse na ƙasa da ƙasa ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, don haka da b da d da k ake bugawa, ma'ana ta fito daga jimla, kamar yadda muke yi a saƙon waya ba tare da wani ya rikita ƙasa da kasa ba. Idan akwai tsoron ruɗani a suna, sai a maimaita shi. Kada a rubuta harafi mai lanƙwasa a cikin manhaja, domin ba ta san abin da za ta buga ba.

Idan kwamfuta za ta yi komai, me ya sa zan wahalar da kaina da koyo da kunne? Kuma ba ha'inci ba ne amfani da ita?

Ba ha'inci ba ne. Manyan masu gasa da kwamfuta suke aikawa, kuma wanda hannunsa ke rawa saboda tsufa ko rashin lafiya kibod ne ya bar shi a iska. Abin da ake nema shi ne gaskiya: a gasa irin CQ World Wide, wanda ya yi amfani da CW Skimmer wajen nemo tashoshi dole ya shiga rukunin masu samun taimako.

Amma ga abin da nake gaya wa kowane ƙanena da ya zo da wannan tambaya. Idan burinka kwamfuta ta yi magana da kwamfuta, akwai abin da ya fi Morse nesa ba kusa ba. FT8, hanyar aika gajeren saƙo ta rediyo wadda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, an gina ta ne domin na'ura, tana gyara kurakuranta, tana karanta siginar da kunne ba ya ji sam. Morse kuwa ba shi da wani gyaran kuskure sai wanda ke cikin kan mai saurare. Wanda ya dogara da allo kaɗai zai yi zance da tashoshi masu ƙarfi masu bugun inji, amma ranar da tashoshi ashirin suka taso masa a lokaci guda saboda sun ji 5N, abin da kuwa zai faru tun a makonsa na farko, allon zai haɗe su duka ya zama shirme, alhali kunne yana iya bin murya ɗaya a cikinsu kamar yadda uwa ke tsinto kukan ɗanta a tsakiyar kasuwa.

Abin farin ciki shi ne kwamfutar nan ita ce malamin da ya fi kowa haƙuri. Hanyar Ludwig Koch, wadda ya fito da ita a Jamus a shekarun 1930, ita ce a fara da haruffa biyu a cikakken gudu, idan an kai kashi 90 cikin 100 daidai a ƙara ɗaya. Shafin LCWO na Fabian Kurz a kanta aka gina shi, darasi 40, yana farawa da K da M, haka ma manhajar G4FON da ta IZ2UUF ta Android. Ana haɗa ta da dabarar Farnsworth, wato harafin ya zo da sauri amma a faɗaɗa ratar da ke tsakani. Kada a haddace jadawalin ɗigo da ja da ido, domin mai ƙirga ɗigo yakan tsaya cak a wajen kalma 10 a minti. A ji harafi a matsayin kiɗa guda. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, kuma mai abin sawa a kunne zai iya yin darasinsa a cikin cunkoson motoci tsakanin Oshodi da Agege. Idan an ɗan ƙware sai a koma manhajar Morse Runner, wadda ke kwaikwayon gasa da hayaniyarta da tarin masu kira. A lokacin zance na gaske kuma, a bar manhaja tana rubutu a gefe, amma ido na kan takarda, sai an rasa harafi a waiwaye ta.

A ina zan saurara, kuma yaya zan san ana ji na?

Nijeriya tana yanki na 1 a rabon zangunan rediyo na duniya, inda Morse ke ƙasan kowane zango: kilohaz 7,000 zuwa 7,040 (mita 40), 14,000 zuwa 14,070 (mita 20), 21,000 zuwa 21,070 (mita 15), da 28,000 zuwa 28,070 (mita 10). Masu ƙaramin ƙarfi suna taruwa a 7,030 da 14,060. Daga Legas mita 15 da 20 su ne suka fi buɗewa zuwa Turai da rana da yamma, mita 40 kuma sai dare. Domin gwada kunnen tasharka, saurari 14,100, inda tashoshin alama 18 na duniya ke karɓa-karɓa, kowace daƙiƙa 10, su zagayo cikin minti 3. Kowace tana faɗin lambarta sannan ta ja sau huɗu da wat 100, 10, 1 da kashi ɗaya cikin goma na wat, don haka adadin jan da ka ji shi ne ma'aunin hayaniyar unguwarku.

Idan lasisi ya samu, ka kira CQ da lambarka sau biyu ko uku, sannan ka duba shafin Reverse Beacon Network a intanet, inda tashoshi masu CW Skimmer a ƙasashe daban-daban ke rubuta wanda suka ji, da ƙarfin siginarsa da gudunsa. A rajista a riƙa rubuta lokaci da agogon UTC, wanda agogonmu ya riga shi da awa ɗaya.

Wace eriya za ta yi a gidan haya?

Waya biyu masu tsawon kusan mita 5 kowace, a haɗa su a tsakiya da wayar da ke gangarowa zuwa rediyo, sun isa zangon mita 20. Na mita 40 kuwa sai an ninka tsawon. A nemi izinin mai gida kafin a hau rufi, a ɗaga ta iya ɗagawa, a nisanta ta da wayoyin wutar titi ta yadda ko ta tsinke ba za ta taɓa su ba. Iskar gishiri a Apapa da Lekki da Obalende tana cin mahaɗai cikin 'yan watanni, don haka a naɗe kowace mahaɗa da tef mai hana ruwa, a kuma duba ta bayan damina. Da zarar hadari ya haɗo, a cire wayar eriya daga rediyo, a cire ta USB daga kwamfuta, a ajiye bakin wayar eriyar nesa da inda mutane ke zama har sai tsawa ta wuce.